Wai mene ne IL-10 ɗin nan da masu maganin sanyin ƙashi ke talla da shi?

Maman Ilham: Slm jama'ar gidan nan barkanmu da warhaka. Dan Allah masana ina da tambaya. Surukata Hajiya ta kai shekara biyu tana fama da ciwon gaɓɓai, da safe yatsunta sandarewa suke sai ta ɗau kusan awa guda kafin ta iya riƙe buta, gwiwa kuma ba a magana. To shekaranjiya ƙanwar maigidana ta turo min wani talla daga status ɗin wata mata, kafso ne a roba wai daga waje ake kawo shi, dubu goma sha takwas, an rubuta yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki kuma yana kashe kumburi don yana ɗaga IL-10. Ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin IL-10 ba, bitamin ne ko mene? Maigidan ya ce in tambaya kafin ya tura kuɗin don yanzu dubu sha takwas ba abin wasa ba ce.

Nura ɗan Daura: IL-10 kamar lambar motar Ilori 😂 Allah ya ba Hajiya lafiya

Maman Ilham: Amin ngd Nura, kai dai baka rabo da tsiya

Abba Lab: Wslm Anti. Kar ku tura kuɗin tukuna. IL-10 gaskiya ne akwai shi ba ƙirƙirarsa suka yi ba, sunansa intalukin-10, furotin ne ɗan mitsitsi da fararen ƙwayoyin jininmu suke fitarwa su aika wa junansu saƙo da shi, irinsu ana ce musu saitokin kuma suna da yawa. Amma ki sake karanta tallan nan da kyau zaki ga ya ƙaryata kansa da kansa. Aikin IL-10 shine ya ce wa garkuwar jiki ya isa haka ki sassauta. To ta yaya abu ɗaya zai ƙara ma garkuwa ƙarfi kuma ya ɗaga abin da aikinsa rage mata ƙarfi ne? Kamar mutum ya ce miki yana da icen da in kin tura a murhu wuta zata ƙaru kuma ta ragu lokaci ɗaya.

Sani Kemis: To ai kai Abba komai aka kawo sai ka kushe. Mutane suna sha suna jin daɗi

Abba Lab: Ban kushe ba Sani tambaya nayi, ka amsa mana

Baba Malam Iro: Assalamu alaikum. Ni kau Abba tsaya ka fahimtar da ni don ni tsohon malamin firamare ne ba likita ba. Mi ya sa jiki zai yi abin da zai rage ma kanshi ƙarfi? Ni a sanina garkuwa in ta yi ƙarfi shi ne lahiya.

Abba Lab: Baba ranka ya daɗe, ai kun fi mu sanin doki. Ranar hawan sallah in an zo sukuwa a Ƙofar Soro, wane doki ne ake yabo, wanda ya fi gudu ko wanda in an ja linzami gaban sarki zai tsaya cak? Dokin da ke da ƙarfi ba linzami ai shi ne ke afkawa cikin 'yan kallo. To haka garkuwar jiki take. In ƙwayar cuta ta shigo, akwai wasu manyan ƙwayoyi masu haɗiye datti ana ce musu makrofej, su ke fara kururuwa, su saki wasu saitokin irin su TNF da IL-1 da IL-6, waɗannan su ke kawo zazzaɓi da kumburi da zafi da ciwon jiki, duk yaƙi ne ake yi. Amma makamin da ke kashe ƙwayar cuta shi ne dai ke ƙona naman jikinka in an daɗe ana harba shi. Sai IL-10 ya zo ya manne a jikin makrofej ɗin ta wata 'yar ƙofa da aka yi dominsa, saƙon ya shiga ciki ta hannun wani furotin STAT3, sai makrofej ya rage sakin TNF ya kuma rage kiran sauran sojoji. Abin mamakin ma shi makrofej ɗin da ya fara kururuwar shi ma yana yin IL-10 daga baya, wato mahayi da linzaminsa a hannu ya fito.

Baba Malam Iro: To madalla. Yanzu na gane. Ashe kumburin ma ba cuta ba ce, faɗa ne

Abba Lab: Ƙwarai Baba, sai in ya ƙi ƙarewa ya zama cuta, irin na Hajiya kenan in har abin da nake zato ne

Ummi UMYU: Wayyo wlh wannan shi muka yi a aji semistan da ya wuce bari in ɗan yi burga 😁 A 1989 aka gano shi a wata cibiyar bincike DNAX a Kalifoniya ta Amurka, Tim Mosmann da abokan aikinsa, kuma sunan da suka fara ba shi ma ma'anarsa abin da ke hana a ƙera sauran saitokin, daga baya aka mai da shi IL-10. Ƙwayar gadonsa tana kan kiromosom na 1. Amma labarin da ya fi burge ni na ɓeraye ne, a 1993 a birnin Kolon na Jamus aka cire wa ɓeraye ƙwayar gadon IL-10 gaba ɗaya don a ga me zai faru, sai ɓerayen suka taso hanjinsu ya kumbura suna ramewa jini na ƙaranci, ba tare da an sa musu wata cuta ba. Sai a 1998 wasu suka reni irin ɓerayen a wurin da babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya, ko a cikin hanjinsu babu, sai ga shi basu kamu ba. Ma'ana garkuwarsu da bakteriyar hanjinsu ta gida take faɗa, waɗanda kowa ke da su kuma suke taya mu narka abinci. IL-10 ne ke cewa ku bar su 'yan gida ne.

Nura ɗan Daura: Turawa dai basu da aikin yi, ɓera har da reno. Su zo ɗakin hatsinmu su kwasa kyauta

Ummi UMYU: Yaya Nura ɓeran nan ya fi ka tsada wlh

Sani Kemis: To ai kun dawo maganata. Tunda rashinsa na kawo kumburi to ƙara shi zai kashe kumburi, mai tallan bata yi ƙarya ba kenan

Abba Lab: Sani da haka abin yake da sauƙi da tuni yana kan kantarka. Kamfanin Schering-Plough ya ƙera IL-10 na allura ya sa masa suna Tenovil, aka gwada a masu cutar Crohn, wani mugun kumburin hanji ne, sakamakon ya fito wajajen 2000 kuma bai taka kara ya karya ba. In an ba da kaɗan baya isa hanjin yadda ake so, in an ƙara yawa sai ciwon kai da zazzaɓi da ƙarancin jini, har ma aka ga yana zuga wani sashe na garkuwar maimakon ya kwantar da ita. An gwada a amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwa ke cin gaɓa shi ma ba a samu abin kirki ba. Waɗannan fa masu biliyoyin dala ne da allura a jijiya. Sannan kai da kake sai da magani ka sani furotin ne, in ka haɗiye shi ciki narka shi zai yi kamar yadda yake narka ƙosai, shi ya sa insulin ma allura ake yi ba kafso ba.

Sani Kemis: Ai basu ce IL-10 ne a ciki ba, cewa suka yi yana ɗaga shi

Abba Lab: Yauwa. A wa ya ɗaga, wa ya auna? Ni aikina kenan awon jini, IL-10 ba gwajin da ake rubuta wa mara lafiya ba ne kamar na maleriya ko suga, a bincike ake auna shi da na'urar ELISA kuma adadinsa a jini ɗan ƙanƙani ne na fitar hankali. Ganye da yawa in ka ɗiga ruwansu kan ƙwayoyin ɓera a cikin faranti a lab zaka ga wani abu ya motsa, sai ɗan kasuwa ya ɗauki wannan ya buga a roba. Tsakanin faranti da gwiwar Hajiya akwai tafiya.

Dr Binta: Slm. Ina tsakanin marasa lafiya ne zan riƙa leƙowa. Maman Ilham abin da kika faɗa na sandarewar yatsu da safe har awa guda ya fi kama da ciwon da garkuwa ke afka wa gaɓɓai, ba sanyin ƙashi na tsufa ba, amma sai an gan ta an yi gwaji. Akwai magungunansa na gaskiya masu hana gaɓa lalacewa kuma da wuri ake so a fara. Ku kai ta asibitin koyarwa ko babban asibiti.

Dr Binta: Game da muhawararku kuma, ni a ɗakin yara nake ganin aikin linzamin nan kullum musamman daga watan Agusta zuwa Oktoba. Yara biyu unguwa ɗaya sauro ɗaya, ɗaya ya yi zazzaɓi kwana uku ya sha magani ya tashi, ɗaya a kawo shi tafin hannu fari fat sai an nemi jini. Dalilai suna da yawa, abinci, jinkirin kawowa, sikila, amma a 1998 an auna jinin yara a Gana aka ga masu matsanancin ƙarancin jini na maleriya IL-10 ɗinsu ƙasa yake in an kwatanta da sauran masu maleriyar, shekara ta gaba a Kenya ma aka ga ƙarancinsa a kan TNF yana tafiya da ƙarancin jini. TNF in ya yi yawa ba mai tsawata masa yana danne ɓargo ya hana shi ƙera sabon jini, ga kuma maleriyar na fasa wanda ke akwai. Wuta biyu kenan.

Maman Ilham: Allah sarki. Ilham ɗina an taɓa ƙara mata jini tana shekara biyu, har yau in na tuna daren nan gabana faɗuwa yake. Likita to da an ba ta abin ƙara IL-10 ɗin da bata kai ga haka ba?

Dr Binta: A'a 'yar'uwa, nan ne wuyar take. In ya yi yawa da wuri kuma sai garkuwa ta yi sanyi ƙwayar maleriyar ta samu sarari ta hayayyafa. Ba yawansa ake nema ba, ya zo a kan lokaci daidai gwargwado. Abin da ke hannunmu dai gidan sauro, da maganin nan da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da damina, da kawo yaro da wuri.

Baba Malam Iro: Kamar tuwo ne ashe. In ka janye icce tun bai nuna ba ka ci gaya ɗanye, in ka bar wuta ya kama

Hajiya Turai: Malam Iro yaushe ka taɓa tuƙa tuwo 😂

Baba Malam Iro: Hajiya na yi gwauranci shekara ukku a Mashi lokacin ina koyarwa, kar ki raina ni

Ummi UMYU: Ai Baba akwai ma ƙwayoyin cuta da suka gane sirrin suke wasa da shi. Bairos ɗin Epstein-Barr wanda sama da kashi 90 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da shi, mu nan ma tun muna yara muke ɗauka, yana da nasa IL-10 na jabu a cikin ƙwayoyin gadonsa, an gano haka a 1990, in ya shiga jiki sai ya saki nasa garkuwa ta ɗauka umarni ne daga gida ta sassauta. Kamar ɓarawo ya sa kayan dogari. Shi ne fa bairos ɗin da ke da hannu tare da maleriya a sankarar nan ta yara mai kumbura muƙamuƙi da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Kuma abin da malaminmu ya faɗa mana da ya tsaya min a rai, ƙwayoyin Raji da ake bincike da su a lab lab na duniya har gobe daga jikin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11 aka samo su a Ibadan a 1963.

Nura ɗan Daura: Ikon Allah. Ƙwayoyin yaron na yawo a duniya ba biza

Abba Lab: Ba bairos ɗin nan kaɗai ke cin moriyar IL-10 ba ma. Ƙwayar tarin TB tana zama ne a cikin makrofej ɗin da ya kamata ya narka ta, kuma IL-10 na cikin abin da ke hana makrofej ɗin ƙarasa aikin. Cutar kala-azar ta Sudan da Indiya mai kumbura saifa, masu ita IL-10 ɗinsu sama yake sosai. Kuturta ma Baba, ai kun san zamanin da Babbar Ruga take wurin jinyar kutare kafin ta koma cibiyar yoyon fitsari. Ƙwayar cuta ɗaya ce amma wani tabo ɗaya ko biyu kawai zai yi a fata, wani kuma ta bazu ko'ina fuska ta yi kauri. A 1991 aka duba fatar duka biyun a Amurka, masu 'yan tabo kaɗan garkuwarsu a tsaye take, masu bazuwar kuma aka tarar da IL-10 da 'yan'uwansa masu kwantar da faɗa sun yi yawa a wurin. Don haka mai TB da bai san yana da shi ba in da gaske kafson nan na ɗaga IL-10 ai ba gata aka yi masa ba.

Sani Kemis: Hmm

Nura ɗan Daura: To ni ga tawa tambayar ta gaske ba wasa. Muna yara duk wanda ke wanka a dam ɗin Daberam ko kududdufi sai ya yi tsargiya, har ana cewa in baka yi fitsarin jini ba baka zama namiji ba, kuma wlh ban san yaro ko ɗaya mai asma ko atishawar ƙura a cikinmu ba. Yanzu yaran yayana a Abuja ruwan roba suke sha amma kowa da abin shaƙa a aljihu. Akwai haɗi ko idona ne?

Abba Lab: Yau dai Nura ya yi tambayar masu hankali a rubuta ranar 😂 Akwai ƙamshin gaskiya. Tsutsar tsargiya tana shekaru a cikin jijiyoyin jini, kuma dabararta ta zama lafiya ita ce ta sa jiki ya riƙa yin IL-10. A 2000 an yi bincike kan 'yan makaranta a Gabon aka ga masu tsargiya fatarsu bata cika tashi ba in an gwada su da ƙwaron ƙurar ɗaki, kuma abin ya tafi da yawan IL-10 ɗinsu. Amma ba shi kaɗai ne dalilin asmar yaran birni ba, akwai hayaƙi akwai zaman ɗaki akwai gado.

Nura ɗan Daura: Shikenan hutun nan zan kwaso su in tsoma a Daberam

Dr Binta: Nura kar ka soma. Tsargiya na lalata mafitsara da ƙoda kuma tana kai wa ga sankarar mafitsara, a mata tana taɓa mahaifa. Kai ma in baka taɓa shan firazikwantel maganin tsargiya ba ka je a duba fitsarinka

Dr Binta: Bari in ƙara wani abu da ya shafe mu tunda Ummi ta kawo ɓeraye. Abin da ya samu ɓerayen yana samun jarirai. A 2009 likitoci a Jamus da Ingila suka ba da rahoton yaran da tun suna 'yan watanni suke zawo da jini, ga maruru da ƙuraje a dubura har su huje su zama yoyo, ga ƙuraje a fata, an yi magani an yi tiyata a banza. Da aka bincika sai aka ga ƙofar da IL-10 ke mannewa ce ta lalace tun daga gado, jiki na ta aika saƙon a tsaya ba mai ji. Aka yi wa ɗaya daga cikinsu dashen ɓargo ciwon ya lafa, daga nan ya zama hanyar magani. Iyalan da aka fara ganowa a cikinsu auren zumunci ne, don sai yaro ya gaji lalatacciyar ƙwayar daga uwa da uba duka, kamar dai AS da AS a sikila, duk ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Cuta ce mai wuyar samu sosai, amma in jariri na zawo da jini da ƙurji a dubura da ya ƙi warkewa dan Allah a daina cewa basir ne ko haƙori ana ɗura masa jiƙo, balle a kai wa wanzami.

Hajiya Turai: To fa an zo wurin. Likita da girmanki, duk abin da ya tashi sai a ce auren zumunci. Ni ɗiyar ƙanen baban maigidana ce, shekara talatin da ɗaya, ɗiya takwas ba wanda ko ƙurji ya taɓa yi a dubura. Iyayenmu da kakanninmu haka suka yi kuma addini bai hana ba. Turawa ne ke son raba mu da danginmu

Baba Malam Iro: Hajiya ba ta ce haramun ba ne

Hajiya Turai: Ai daga haka ake farawa Malam

Dr Binta: Hajiya Allah ya huci zuciyarki, ni kaina iyayena 'yan wa da ƙane ne. Auren zumunci baya ƙirƙiro cuta, in babu ƙwayar a dangi babu abin da zai fito ko an yi sau goma, kuma mafi yawan yaran lafiya lau suke kamar naki Allah ya ƙara musu lafiya. Abin da yake yi in akwai ta a ɓoye a wurin kaka ɗaya to ya fi sauƙi ta haɗu a jika. Ni roƙona ɗaya, gidan da aka rasa jarirai biyu uku da ciwo iri ɗaya a faɗa wa likita gaskiya in ya tambaya ko akwai dangantaka, kar a ɓoye, kar kuma a ɗora wa kishiya ko maye.

Hajiya Turai: Wannan kuma gaskiya ne. Akwai gidan da na sani an yi haka har aure ya mutu ana zargin uwar miji. Amma dai a riƙa tauna magana

Admin: Jama'a a dawo kan gwiwar Hajiya dan Allah, maganar aure ranar Lahadi

Ummi UMYU: Admin saura ɗaya dan Allah. Yaya Sani kar ka ɗauka kullum kwantar da faɗa yake fa, yana da fuska biyu. Fararen ƙwayoyin jini na B masu ƙera antibodi, wato makaman da ke manne wa ƙwayar cuta, shi zuga su yake, shi ya sa a cutar lupus wadda ta fi kama mata inda jiki ke ƙera antibodi a kan kansa IL-10 yawa yake yi ba kaɗan ba, har a 2000 aka gwada maganin toshe shi a mutum shida a Meziko suka samu sauƙi. Kuma lupus ma tana zuwa da ciwon gaɓɓai, to ka ga in ita ce ke damun mutum ka ce zaka ɗaga masa IL-10 me ka yi kenan. Sannan yana ƙarfafa wasu ƙwayoyin T masu kashe sankara, a kan haka Eli Lilly ya sayi wani ƙaramin kamfani ARMO dala biliyan 1.6 a 2018 saboda maganinsu na IL-10, aka gwada a sankarar fankiriyas, gaɓar nan ta ciki mai ƙera insulin, a 2019 aka sanar bai yi aiki ba

Nura ɗan Daura: Biliyan ɗaya da ɗigo shida na dala ya bi ruwa, mu kuma ana ce mana dubu sha takwas ta gama magana 😭

Abba Lab: Kuma ba a daina ba fa, har a Beljiyam an taɓa gyara bakteriyar da ake cuku da ita ta riƙa ƙera IL-10 a cikin hanji don ya sauka daidai inda ake so, an gwada a mutum goma a 2006. Kyautar Nobel ta likitanci ta 2025 ma a kan masu riƙe linzamin nan aka ba da ita, Shimon Sakaguchi ɗan Japan da Amurkawa biyu Mary Brunkow da Fred Ramsdell, saboda ƙwayoyin T masu tsawatarwa waɗanda IL-10 na cikin kayan aikinsu. Ilimin na gaske ne, 'yan talla ne suka ari sunan.

Sani Kemis: Naji duk wannan kuma na ƙaru wlh. Amma ku ma ku yi adalci. Tsohuwa ta zo min da kuka gwiwa ta hana ta sujada, asibiti a ce ta dawo bayan wata biyu ga kuɗin gwaji ga kuɗin mota daga ƙauye, in na ce mata je ki ga likita kallon mara imani take min. Mutane ba don wauta suke sayen irin wannan ba, sauƙi suke nema yau yau. Kuma ni dai nasan masu shan irin haɗin nan da suka miƙe cikin kwana biyu da idona na gani

Abba Lab: Maganar layi da kuɗi gaskiyarka ce ban musa ba. Amma miƙewa cikin kwana biyun nan ita ce ke bani tsoro, don abin da na sani mai yin haka a gaɓar da ta shekara biyu a kumbure sitiroyid ne, maganin danne garkuwa da kumburi irin deksa ko firedinisolon, kuma kai ma ka sani

Maman Ilham: Tsaya tsaya. Innalillahi. Likita akwai wani haɗi da Hajiya take sha tun bayan ƙaramar sallah, wani mai mota da lasifika ne ya sai da mata a kasuwa, gari ne a ƙulle a leda ana damawa a kunu wai zallar itatuwa ne. Ranar da ta fara washegari har shara ta yi. To yanzu fuskarta ta cika tayi tulu tulu muna ta mata barka ta yi ƙiba, ga ci kamar me, amma ƙafafun sun sirance kuma tana yawan tashi fitsari da dare, sannan wani ɗan ciwo da ta ji a ƙafa ya fi wata bai warke ba. In ya ƙare kwana ɗaya bata sha ba sai jiki ya saki tayi ta jiri

Dr Binta: Maman Ilham wannan da kika lissafa kusan duka alamun sitiroyid ne, irin dai abin da ke cikin sha ka fashe da 'yan mata ke sha. Ki saurare ni da kyau. KAR ku tsayar mata da shi dare ɗaya, in jiki ya saba da na waje yana daina yin nasa, yankewa farat ɗaya na iya sa jininta ya faɗi ta suma, jirin nan da kika ce shi ne gargaɗin. Likita ne zai sauke ta a hankali. Ku je da ledar garin a hannu, a auna suga da hawan jini, a duba ciwon ƙafar, in tana tari a faɗa a duba TB.

Baba Malam Iro: Subhanallahi. To Likita shi wanga deksa guba ne kenan?

Dr Binta: Ba guba ba ne Baba, ni ma ina rubuta shi. Linzami ne na ƙarfe, cikin ayyukansa ma har da sa jiki ya ƙara IL-10. Lokacin korona a 2020 gwajin da aka yi a Ingila ya nuna ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a waɗanda ke kan na'urar numfashi, amma waɗanda basu kai ga buƙatar oksijin ba bai amfane su ba. Na kwana goma ne a wurin wanda garkuwarsa ta haukace, ba na wata biyar a kunu ba.

Sani Kemis: Gaskiya in fuska ta cika haka to shi ne. Ni dai bana haɗa wa kowa a gari, wanda ya saya wurina a kwalinsa yake gani. Anti ku je da wuri, in kun isa kafin bakwai kuna samun kati

Hajiya Turai: Kuma kar ku gaya ma Hajiyar kai tsaye maganinta ne ya cuce ta, tsofaffi sai ta ɓoye ledar ta ce ta daina. Ku ce za a je a duba ƙafar ne

Maman Ilham: Wlh Hajiya kamar kin santa. Na kira Baban Ilham yanzu yana Batagarawa ya ce gobe da asuba zai ɗauko ta, dubu sha takwas ɗin a yi gwaji da ita. Saura in san yadda zan raba ledar da ƙarƙashin filonta ba tare da ta ce na shiga ɗakinta ba izini. Likita na daren yau a dama mata ko a bari?

Dr Binta: A dama mata yadda ta saba, kar a ƙara kar a rage. Ki ɗebi kaɗan a wata leda ki sa a jaka tun yanzu kar ku manta da safe

Maman Ilham: To bari in aika Ilham ta ce Hajiya ta ba ta a dama, ita bata hana ta komai